Iyatu Ba Ta Faɗin Sunan Ɗanta

Shekarar da soja suka tattara komatsansu suka koma bariki, a ita ne wasu likitoci suka shigo Agege da farar mota, suka sauka a ƙofar Sarkin Hausawa, wai sun zo binciken tsofaffi. Aka bi gida-gida da sanarwa, duk mai furfura ya fito za a auna shi kyauta. Ba wanda ya ce za a tsare mutum da tambayoyi a gaban jama'a kamar an kama shi da kayan sata. Da an faɗa, da Hansai ba ta fito da Iyatu ba.

Iyatu matar yayanta ce, marigayi Alhaji Yahuza mai goro. Ran da aka kawo ta daga ƙasar Kazaure, Hansai ce ta tarbe ta a tashar jirgin ƙasa. Ita ta koya mata Yarabanci, har da na zagi, su biyu kuma suka tsufa a tsakar gida ɗaya suna wanke goro suna jera shi cikin ganye. Hansai tana kiranta matarmu, ita kuma tana ce mata Uwar Faɗa. Sunan bai yi ƙarya ba. Ko bihim Hansai ba ta sani ba, amma ba a yi kwandastan motar danfon da ya gaya mata baƙa ya sauke ta lafiya ba.

Bature, ɗan farin Iyatu, a hannun Hansai ya tashi. Haka ake yi a gidansu, ɗan fari ba na uwa ba ne. Iyatu ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa duban tsabar idonsa ba. In ya durƙusa a bakin ƙofa gaisuwa, sai ta kau da kai ta amsa wa bango. In tana da saƙo gare shi, sai ta ce da Hansai, "Gaya wa ɗanki." Ga shi ya yi furfurar kansa, shi ke riƙe da gidan, shi ke loda huhunan goro zuwa Kano duk Talata, amma har yau ɗanki ne.

A ƙofar Sarki aka kafa rumfa, aka shimfiɗa tabarmi, mata gefe, maza gefe. Babbar cikin baƙin wata Bayarabiya ce, Dakta Morenike. Mai juya mata magana kuwa wata nas ce 'yar Zonkwa, Mariamu, da Hausarta irin ta mutanen can.

"Akwai wani ciwo da Turawa suke ce wa Alzaima," in ji Mariamu. "Ba hauka ba ne, ba kuma tsufa ba ne kawai. Wani abu ne yake taruwa a cikin ƙwaƙwalwa yana cinye ta kaɗan-kaɗan. Mutum ya fara da manta inda ya ajiye carbi, ya ƙare da manta hanyar ɗakinsa. So muke mu gano abin da ya sa yake kama wani ya bar wani, ko gado ne, ko abinci, ko hawan jini. Wanda muka ga alama a tare da shi, za mu kai shi asibiti a ɗauki hoton kansa, mu riƙa zuwa muna duba shi."

Wata tsohuwa daga baya ta ce, "In dai mantuwa ce, ku fara da mazajenmu."

Aka yi dariya. Hansai ba ta yi ba. Akwai abubuwan da ta gani a 'yan watannin nan ta binne a cikinta. Ta ga Iyatu ta idar da la'asar, ta naɗe sallaya, ta sake shimfiɗa ta ta tayar da wata la'asar ɗin. Ta ga ta zuba tuwo a kwanon Alhaji ta rufe da faifai, mutumin da ciyawa ta daɗe da rufe kabarinsa. Hansai ta kwashe tuwon ta ba yara, ba ta gaya wa kowa ba.

Da aka zo kan Iyatu, Hansai ta bi ta ta zauna dab da ita, gwiwa da gwiwa. Matan unguwa na jere a bayansu sun baza kunne. Zuliha, matar Bature, tana tsaye jikin turken rumfa.

"Mama, zan faɗi abu uku, ki riƙe mini, anjima zan tambaye ki," in ji Mariamu. "Akuya, tabarma, gishiri. To, yau wace rana ce?"

Iyatu ta dubi sama.

"Talata mana, ranar lodi," in ji Hansai. "Wa bai sani ba a Agege?"

"Mama, ita muke tambaya."

"Ai abin da za ta ce ke nan."

"Talata," in ji Iyatu.

"Wa yake mulkin ƙasar nan yanzu?"

"Soja."

"To ƙarya ta yi?" in ji Hansai. "Don mutum ya tuɓe kaki ya sa babbar riga sai ya tashi daga soja?"

Rumfar ta kaure da shewa. Mariamu ma ta yi dariya, ta ba Iyatu gaskiya. Da aka dawo kan abu ukun nan, Iyatu ta kawo gishiri da kanta. Hansai ta yi ta buga tabarma da diddige har ta kawo tabarma. Akuya kuwa Allah ne ya jefo wata tana cin ɓawon ayaba a bakin kwata, Hansai ta turo baki wajenta.

Sai Mariamu ta ce, "Yanzu ki lissafa mini sunayen 'ya'yanki. Fara daga babba."

Hansai ta san kunyar Iyatu kamar yunwar cikinta. Takan sunkuyar da kai, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ɗan murmushi ya tsaya a gefen bakinta. Wannan ba ita ba ce. Kanta a ɗage yake, bakinta a ɗan buɗe, idanunta suna ta zagaye kamar mai neman abin da ya faɗi a ƙasa. Can Hansai ta ji yatsu sun kama mata bakin zane ta ƙasa, inda ba mai gani, sun matse. Ba ƙin faɗa take yi ba. Sunan ne babu.

Ga Zuliha tana kallo. Ga matan unguwa, waɗanda kafin magariba za su kai labarin har Sabo Yaba, cewa matar Alhaji Yahuza ta taɓu. Hansai ta miƙe tsaye.

"Ke 'yar nan, ba ki da iyaye ne? Ɗan fari! A gaban jama'a za ki sa dattijuwa ta kira sunan ɗan fari? Wannan matar tun da ta haife shi sunansa bai taɓa ratsa haƙoranta ba, sai yau da kika zo da farar riga? In ku a garinku haka kuke yi, mu ba ma yi!"

Mata suka ɗauka, kowa na cewa gaskiya ne, wannan rashin ta-ido ne. Mariamu ta rikice, ta juya ta yi wa likita bayani da Turanci. Dakta Morenike ta taso da kanta, ta rusuna har ƙasa irin ta Yarabawa, ta ce su yi haƙuri, ba su sani ba. Aka tsallake tambayar da sauran na 'ya'ya duka. Aka auna hannun Iyatu, aka ɗebi jininta a 'yar kwalba, aka ce lafiyarta ƙalau, sai ɗan hawan jini, ta rage gishiri.

A hanyar gida Iyatu ta ce, "Uwar Faɗa, yau faɗanki ya yi rana." Hansai ta ji daɗi a lokacin. Wallahi ta ji daɗi.

Jinin da suka ɗiba, har yau ba wanda ya dawo ya ce ga abin da aka gani a ciki. Haka suke yi wa talaka, su kwashi abin da suke so su kama gabansu. Amma farar motar ba ta daina shigowa Agege ba. Lokaci-lokaci takan zo ta tsaya bayan masallacin Juma'a, gidan Malam Nassirou, wani tsohon mai gadi mutumin Maraɗi, wanda shi ba a samu mai amsa masa ba ran nan, ya faɗi tambayoyin duka a gaban kowa. Shi aka kai asibiti, shi ake zuwa dubawa. In Hansai ta hango motar, sai ta sake lungu.

Damina ta wuce, wata ta zo ta wuce, Iyatu tana ta zubewa. Yarabanci ne ya fara tafiya. Iya Sikira, Bayarabiyar da suka shekara aru-aru suna cinikin goro suna zagin juna, ta zo ta gaishe ta, Iyatu ta bi ta da ido kamar an yi mata yaren aljanu. Ta bar kwandon goro a buɗe a rana har ya yanƙwane, ita da take gane goro mai tsutsa daga ɗaga shi a hannu. Takan ɓoye burodi ƙarƙashin matashi har ya yi funfuna. Ta ajiye zanenta cikin tukunyar miya, ta fito tsakar gida tana kururuwa Zuliha ta sace mata. Zuliha ba muguwa ba ce, amma mutum ce. Ta yi haƙuri, ta gaji, ta fara ramawa, daga baya ta koma sa wa ƙofar ɗakin kwaɗo in za ta je kasuwa.

"Ni take yi wa," in ji Zuliha. "A gabana likitoci suka ce lafiyarta ƙalau. In ba ta da lafiya, me ya sa ba ta manta lokacin cin abinci?"

Bature kuma ya yarda da matarsa, don shi bai ga abin da ya sake ba. Da safe yakan durƙusa a bakin ƙofa, ba ta dube shi ba, ba ta kira sunansa ba, ta amsa wa bango. Haka ya san ta tun yana rarrafe. Ta yaya zai gane?

Ran da wani ɗan okada ya dawo da Iyatu a kan babur daga Iyana Ipaja, ba takalmi, wai ta tafi tarbo Alhaji daga tasha, ran nan Bature ya kira Hansai zaure. Huhunan goro na jingine jikin bango, zauren duk ƙamshin ɗanyen ganye.

"Gwaggo, na yanke shawara. Motar Talata za ta tafi da Iya gida, wajen 'ya'yan ƙanenta."

"Wane gidan? Nan ba gida ba ne? Wa ta sani a can? Duk wanda ta sani yana kushewa."

"Garin nan ba lafiya, Gwaggo. Kin ga faɗan ƙabilancin da aka yi a Ajegunle. Tsohuwa tana yawo ita kaɗai, a tare ta a yi mata Yarabanci ta ƙi amsawa, me kike zaton za a yi mata?"

"Ba ƙi take yi ba."

"To mene ne? Ta hana Zuliha sakat, ta mayar da ni abin nuni a kasuwa. Da ciwo ne da na yi jinya. Amma masu ilimin abin sun duba ta, kina zaune a wurin. Ko ba a gabanki aka yi ba?"

Hansai, wadda ba a taɓa rufe mata baki a zauren nan ba, ta tsaya tana kallon igiyar huhu.

"A gabana aka yi," ta ce.

"To, shi ke nan."

Ta fita tana huci. Tana tafe tana zagin likitocin a fili, har masu kanti suna leƙowa. Su suka yi karatun, su ke da farar mota, su suka ce lafiya ƙalau, yanzu da maganarsu za a ɗora Iyatu a kan huhun goro a kai ta inda za ta mutu cikin baƙi. Sai sun zo sun lashe abin da suka faɗa. Duk sanda rumfar nan ta faɗo mata a rai, da yatsun da suka kama mata zane, sai ta ƙara ɗaga murya.

Ta je gidan Malam Nassirou ta tambayi 'yarsa yaushe motar za ta zo, aka ce jibi. Jibi da hantsi Hansai ta tsaya a tsakiyar lungun, ta ɗaure mayafi a ƙugu. Direba ya yi ta hon, ba ta gusa ba. Dakta Morenike ta sauko. Hansai ta buɗe mata wuta da Yarabanci, don kada a ce wani ya rage maganar a hanya.

"Ke ce mai auna tsofaffi? Kun sha jinin matar yayana, kun ce lafiyarta ƙalau, kun tafi. Yau ba ta san gabas ba. Saboda maganarku an kulle ta da kwaɗo, an kira ta muguwa, Talata kuma za a kore ta daga gidan mijinta. Wa zai biya wannan? Ki gaya mini, wa zai biya?"

Likita ta bar ta har ta kai aya, sannan ta tambayi abin da tsohuwar take yi. Hansai ta zayyana mata, tun daga tukunyar miya har Iyana Ipaja.

"Yaushe kika fara gani?"

"Ya daɗe."

"Kafin mu zo, ko bayan mun zo?"

Hansai ta kau da kai. Mariamu ce ta leƙo ta tagar mota, ta dube ta da kyau.

"Lah, Mama mai ɗan fari!" Sai ta sauko, ta matso, ta rage murya yadda 'yan kallo ba za su ji ba. "Mama, ran nan fa ke kika fi ta magana."

"Ni na ce ku saurare ni? Ni ce likita?"

"Gaskiyarki, Mama," in ji Dakta Morenike. "Bai kamata mu yi wa dattawa tambaya a bainar jama'a ba, bai kuma kamata mu bar wani ya zauna kusa da su ba. Mun daina yin haka. Za mu zo ranar Litinin. Amma ina da sharaɗi. Ɗanta ya kasance a wurin. Ke kuma ki zauna nesa da ita, ko me ya faru kada ki buɗe baki."

"Ni ma ina da nawa. Ki faɗa a gaban ɗanta da matarsa cewa kun yi kuskure. Da bakinki."

Likita ta dube ta, kallon da ya ɗan jima.

"Zan faɗa."

Litinin da hantsi suka zo. An riga an ɗaure kayan Iyatu cikin buhun gana-masgo an ajiye a zaure tare da huhunan gobe. Bature bai so ba, ya ce yana da lodi, amma Hansai ta ce in bai shigo ba ta yafe shi duniya da lahira. Ya shigo ya zauna inda ya saba, bakin ƙofa, ya ba uwarsa gefe. Zuliha ta tsaya a waje jikin labule. Hansai ta koma can ƙuryar ɗaki, ta ciro goro guda daga haɓar zanenta, ta jefa shi baki ɗungurungum.

Mariamu ta zauna gaban Iyatu. Ta faɗi abu uku ta ce ta riƙe. Ta tambaye ta rana, ta tambaye ta wata. Iyatu ta ce ai an kusa girbin gero. Ta tambaye ta sunan garin nan, ta ce Kazaure, sai ta ce a'a. Hannunta ya fara lalube a kan tabarma, gefen dama, inda Hansai takan zauna. Bai sami komai ba. Ta ɗago ta hango ta a ƙurya.

"Uwar Faɗa, gaya musu mana."

Hansai ta gartsa goron.

"Hansai, ba da ke nake ba? Kin ga suna ta tambayata."

Ɗacin goron ya cika mata baki. Ta san amsar kowace tambaya, ta san kuma abin da za ta faɗa wanda zai sa baƙin nan su naɗe kayansu su fita da kunya. Ta sa ido a kan fitilar ƙwai da ke rataye a bango, ta ci gaba da tauna. Iyatu ta yi ta kallonta, irin kallon wanda aka bari a tasha.

Abu ukun, ko ɗaya bai dawo ba.

Mariamu ta ce, a hankali, "Mama, ba zan ce ki faɗi sunan kowa ba, na koyi darasi. Nuna mini kawai da hannu. Babban ɗanki yana cikin ɗakin nan?"

Iyatu ta dubi likita, ta dubi Mariamu, ta dubi Hansai. Sannan ta juya wajen ƙofa, ta sauke idonta a kan fuskar Bature, sosai, ba ta kau da kai ba. Ta saki fuska.

"Af, ashe da baƙo. Sannu, Alhaji. Tun ɗazu kana zaune ko ruwa ba a ba ka ba? Mutanen gidan nan sai a hankali."

Ta kwance haɓar zanenta, ta ciro wani goro da ya fara bushewa, ta ɓare shi biyu. Ta ja jiki har bakin ƙofa, ta kama hannunsa ta juya tafin sama, ta sa masa ɓarin a ciki ta naɗe masa yatsu. Bature ya sandare. Tun da ya yi wayo hannun nan bai taɓa nasa ba.

"Kana kama da mutanen gidan nan," in ji ta. "Daga ina?"

"Daga nan, Iya."

"Ya sunanka?"

Ya dubi Hansai. Hansai ta dubi fitila.

"Bature," ya ce.

"Bature," in ji Iyatu, da ƙarfi, kowa na ji. "Bature. Suna mai daɗi. Allah ya yi maka albarka, ka ci goro."

Ya tashi ya fita, goron na hannunsa. Aka ji shi a bayan ɗaki yana fyace hanci.

A tsakar gida Dakta Morenike ta cika alkawari. Maƙwabta sun riga sun taru, don Hansai da kanta ta bi su ta ce su zo su ji. Likita ta tsaya a gaban Bature da Zuliha ta yi magana da Yarabanci, wanda duk wurin ba mai buƙatar a juya masa.

"Wancan zuwan mun ce lafiyarta ƙalau. Ba haka ba ne. Kuskurenmu ne. Za mu kai ta asibiti a ɗauki hoton kanta, a duba jininta ko akwai wani abu daban da ake iya gyarawa, amma duk alamun na ciwon nan ne da muke bincike a kansa. Ba da gangan take yi ba. Ba ta san ta yi ba."

"Tun yaushe?" in ji Bature.

"Ya daɗe yana cinta. Ina jin tun kafin mu fara zuwa."

"Yana da magani?"

"Na warkewa, babu. Har yanzu nema ake yi, a nan da ƙasashen waje. Akwai wanda yake ɗan riƙe wa wasu hankali na wani lokaci, ya fi amfani da wuri. Za mu gwada. Abin da na tabbata shi ne, kada a ɗauke ta daga inda ta sani. Ƙafarta ta san ɗakin nan ko da kanta ya manta. In aka kai ta baƙon wuri, abin da ya rage zai tafi da sauri."

"Da kun gane tun wancan lokacin fa?"

"Da ba ta warke ba. Amma da kun san da me kuke zaune."

Zuliha ta zame jikin bango ta zauna a ƙasa, ta rufe fuska da ɗankwali. Makullin kwaɗon yana ɗaure a bakin zanenta, kowa na gani.

Bature ya nuna likita da yatsa. "Kun cuce mu. Kun sa na riƙa jin haushin uwata. Saura kwana ɗaya na ɗora ta a kan goro. Da ba don Gwaggo ba..."

Likita ta ce, "Ka yi haƙuri." Ba ta dubi inda Hansai take ba, Mariamu ma ba ta duba ba. Da sun dube ta da ya fi mata sauƙi.

Mata suka kewaye Hansai. Wannan ta dafa ta, waccan ta ce kai, Uwar Faɗa, kin ƙwato wa matarku haƙƙinta, kin sa mai digiri ta durƙusa. Iya Sikira har da ɗaga mata hannu sama. Abin da Hansai ta nema ke nan, ta kuwa samu, cif. Ta je bakin kwata ta tofar da tuƙar goron, ta kurkure baki, ɗacin bai fita ba.

Bature da kansa ya ɗauko buhun daga zaure ya ajiye a ƙofar ɗakin. Bai shiga ba. Ya tsaya jim kamar zai durƙusa, sai ya juya.

Hansai ta ja buhun ciki ta zuge shi. Ta fara fito da kaya ɗaya-ɗaya tana mayar da kowanne inda Iyatu ta saba ganinsa, sallaya a kan ƙusa, buta bayan ƙofa, kwanon Alhaji a kan akwati. Iyatu na zaune tana kallonta. Da alama tambayoyin ɗazu sun riga sun fita daga kanta, har da kiran da ta yi ba a amsa ba. Hansai ce kaɗai ta rage da abin a ranta.

"Uwar Faɗa."

"Na'am, matarmu."

"Baƙon nan ya tafi?"

"Yana nan."

"Mutumin kirki ne. Gaya wa ɗanki ya ba shi masauki, kada a bar shi ya kwana a tasha."

"Zan gaya masa."

Hansai ta zauna a gefen dama, gwiwa da gwiwa. Ba a jima ba ta ji yatsun sun lalubo bakin zanenta sun kama. A waje an fara kiran 'yan dako su fito da huhunan gobe.